Akwatin na'urar fitilun waje: abin da rana da ƙurar Yamai suke yi masa

Aikin ba babba ba ne. Fitilu takwas na LED, kowace wat 50, a filin wani masallaci da bakin layin da ke gabansa a nan Yamai, ana so su kama da kansu da magariba su mutu bayan asuba. Jimilla wat 400, ko amfiya 2 ba su cika ba a kan kuran ɗin 220. Kayan da za su tafiyar da su kuwa ba su fi tafin hannu biyu ba: dijonktar (mai yanke kuran da kanta idan an sami matsala) mai kare mutum ta miliamfiya 30, parafudur saboda tsawa, agogon da ke lissafin faɗuwar rana da fitowarta, kontaktar (makunnin da agogo ke ba umarni ya sakar wa fitilu kuran) ta amfiya 25, da ƙananan dijonktar biyu na amfiya 10, ɗaya ta fili ɗaya ta layi. Kontaktar ba ado ba ce. Fitilar LED tana fizgar kuran mai yawa a ƙiftawar farko, idan aka bar wa agogo wannan fizgar shi kaɗai, bakinsa na ciki zai ƙone ko ya manne. Haɗa waɗannan aikin yini ɗaya ne. Inda za su zauna a waje, shi ne ya ci mini lokaci.

Akwatin farko a kasuwar Katako na sa aka ƙera shi, da tol mai kaurin milimita 1, don arha. Mai waldar ya yi abin da na ce masa, laifin zanen nawa ne. Ƙofar shafaffiya ce, tana kwanciya a kan bakin akwatin ba tare da wani leɓe ba, muka manna soso a kewaye, muka shafa baƙin fenti, na kuma shigo da kabul ta sama saboda ta can ya fi kusa. Kurakurai huɗu ke nan a akwati guda. Soso ya bushe ya murmushe a bazarar farko. Ƙurar hunturu, wadda ta fi garin alkama laushi, ta kwanta a kan kontaktar har ta fara ƙugi kamar zuma a tulu. Hadarin farko na Yuni ruwa ya bi jikin kabul ya sauka kai tsaye a kan agogo. Wurin walda kuma ya fara tsatsa, domin wuta tana cinye zinkin da ke kare tol, in ba a kankare an shafa fentin hana tsatsa ba, nan ne ɓarna ke somawa.

Da na koma neman na kanti, abin da na fara dubawa shi ne lambar IP da ke jikin takardarsa. Ƙa'idar IEC 60529 ce ta tsara ta. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6: 5 na nufin ƙura kaɗan za ta iya shiga amma ba mai cutarwa ba, 6 na nufin ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 4 fantsama, 5 feshin tiyo, 6 feshi mai ƙarfi. A ƙasar da ake kwashe wata uku zuwa huɗu cikin hazo, ni ba na sayen abin da lambarsa ta farko ba 6 ba ce. IP65 ya isa, IP66 ya fi. Akwai kuma IK, ta jure duka: IK08 jul 5 ne, IK10 jul 20, jul kuwa ma'aunin ƙarfin dukan ne. Bangon da yara ke buga ƙwallo a gindinsa yana buƙatar IK10. Kamfanoni irin su Legrand da Schneider Electric suna yin akwatunan ƙarfe masu waɗannan lambobi, amma a kasuwa sitika ba ta da wuyar bugawa, don haka hannu da ido su ne shaida.

Na ce wa mai kantin: "Alhaji, a ba ni izini in gwada shi kafin mu yi ciniki." Ya ce, "Gwada, Malam, kaya ba ya tsoron ido." Gwajin mai sauƙi ne. A saka siririyar takarda a bakin ƙofa, a rufe, a ja. Idan ta zame ba tare da turjiya ba, robar ba ta danne a wurin ba. A yi haka a kusurwa huɗu da tsakiyar kowane gefe, musamman gefen da ke nesa da makulli. Sannan a kunna tocilar salula a ciki, a rufe, a duba a inuwa ko haske na tsiyayowa. Biyu daga cikin ukun da na gwada sun faɗi tun a takarda. Wanda ya tsallake yana da roba zubabbiya a jikin ƙofa babu mahaɗa, bakinsa kuma a lanƙwashe yake waje kamar indararo, ruwan da ya sauko daga sama sai ya bi gefe ya zube bai taɓa robar ba. Wannan leɓen ya fi mini komai muhimmanci a jikin akwati. Girmansa santimita 40 a tsaye, 30 a faɗi, 20 a zurfi, launin toka mai haske, da faranti a ciki na ɗaura kaya. Ya fi kayan girma nesa ba kusa ba, da gangan: iskar da ke ciki ita ce ke raba zafi.

To, a nan ne mutane da yawa ke ɓata kuɗinsu. Akwatin IP66 da aka huda aka zura kabul tsirara ya tashi daga IP66. Duk hujin da na yi a ƙasan akwatin na yi shi, ba sama ba, ba gefe ba, kuma kowane kabul ya shiga ta matsewarsa, wadda masu kuran ke kira pires-etup. Matsewa mai lamba M20 tana kama kabul mai kaurin wajen milimita 6 zuwa 12, kabul ɗaya a matsewa ɗaya. Idan aka cusa biyu, tsakaninsu hanya ce. Kafin kabul ya shiga na bar shi ya yi lanƙwasa ƙasa kamar ƙugiya, ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a gindin lanƙwasar. Bayan huji a goge kaifin, a shafa fenti a bakin, a share ɓarɓashin ƙarfen tas, don shi ne ke fara tsatsa kuma yana iya faɗawa cikin kontaktar. Wajen kafawa a bango na yi amfani da kunnuwan waje, ban huda bayan akwatin ba. Silikon ban yarda da shi a matsayin gyara ba, rana tana ɓamɓare shi.

Zafi kuwa lambar IP ba ta san da shi ba. A Afrilu da Mayu iskar Yamai tana wuce digiri 40 a inuwa, baƙin akwati a rana kuma hannu ba ya tsayawa a kansa. Yawancin agogunan nan iyakarsu a takarda digiri 50 ne ko 55, kuma ƙananan kondansatar, masu ajiye kuran, da ke cikinsu rayuwarsu tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10. Saboda haka zaɓen bango rabin aiki ne. Bangon da ke kallon yamma yana shan ranar la'asar, mafi muni. Na gabas shi hadari ke duka, tunda guguwar damina daga gabas take taso mana. Na zaɓi mai kallon arewa. Ko shi daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana leƙa shi, domin a lokacin ta arewa da mu take bi, sai dai da tsakar rana daga sama take zuwa, rumfa tana tare ta. Na sa mai walda ya yi ƴar rumfar tol farar fenti, ta zarce akwatin da santimita 10 ta gaba da gefuna, da ratar santimita 5 tsakaninta da saman akwatin. Idan rumfa ta manne da akwati, ta zama murfin tukunya. Bayansa ma na bar rata kaɗan daga bango.

Akwatin da ya rufu sosai yana da tasa cutar. Da rana iskar ciki ta kumbura ta fita, ruwan sama ya sanyaya ƙarfen farat ɗaya, sai ya zuƙo iska mai laima, ta zama raɓa a jikin ƙofa. A Agusta za ka buɗe ka ga gumi ka rantse yoyo ne. Maganin shi ne ƴar matoshin numfashi da ake ɗaurawa a ƙasa, tana barin iska ta wuce ta tare ruwa da ƙura. Wanda bai samu ba, yakan yi ɗan huji a ƙasa, amma sai da raga mai ƙananan ido, in ba haka ba tururuwa za ta tare a ciki, zanzaro ya gina ɗakinsa, tsaka kuma ta bi ɗumi ta kwanta a kan wayoyi ta haɗa wuta.

Tunda ƙarfe ne, kuma jama'a na jingina da bangon, dole jikin akwatin ya haɗu da wayar ƙasa mai kore da rawaya zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, ƙofar ma da tata guntuwar waya, don hinjin da ke da fenti ba abin dogaro ba ne. Wanda zai sa idon haske, mai kunna fitila idan duhu ya yi, maimakon agogo, a waje zai kafa shi, inda hasken fitilun ba ya kai masa, in ba haka ba za su yi ta kamawa suna mutuwa dare guda. Na'urar da ake sarrafawa da salula kuma eriyarta waje za ta fita, ƙarfe yana toshe sigina.

Ina buɗe akwatin sau biyu a shekara, a Mayu kafin ruwa da Nuwamba kafin hazo. In sake gwajin takarda, in danna maɓallin gwaji na dijonktar mai kare mutum, in ƙara ɗaure bis ɗin wayoyi da zafi da sanyi suka sassauta, bayan na yanke kuran daga tushe. Makulli ɗaya yana wurina, ɗaya wurin ladan, an kuma sa maɓallin kunnawa na hannu a ƙasan akwatin ta waje, mai murfin roba, don daren tarawihi kada a riƙa buɗe ƙofar ana barin ta a sake.