Aikin allo da saƙo ga wuraren shaƙatawa da masu kare muhalli a Legas

Ƙaramin kamfaninmu da ke Agege yana yi wa wuraren shaƙatawa da ƙungiyoyin kare muhalli da na sa-kai aikin isar da saƙo: alluna, takardun rabawa, sanarwar rediyo da gajeren bidiyon waya. Mai tallan sabulu yana da abin da zai miƙa maka a hannu. Mu kuwa roƙo muke yi: kada ka ba biri abinci, kada ka zuba leda a kwata, kada ka sari bishiyar nan. Shi ya sa ba ma kunna kwamfuta sai mun taka wurin, mun tsaya inda mai karanta allon zai tsaya.

A ɗauki Lekki Conservation Centre, gandun dajin shaƙatawa da ƙungiyar kare muhalli ta Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990 a fili mai hekta 78. Wanda ya je can hankalinsa na kan gadar sama ta masu tafiya a ƙafa tsakanin bishiyoyi, mai tsawon mita 401, ga yara na jan rigarsa, ga birai a kan hanyar katako. Ba zai tsaya karanta dogon bayani ba. A irin wannan wuri, kalma bakwai zuwa goma da hoto ɗaya sun ishi allon gargaɗi, allon bayani kuma kada ya haura kalma 60. Ma'auninmu na harafi: tsayin santimita 2.5 ga kowace mita 3 ta tazarar mai karatu.

Legas ba ta raga wa allo. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, baƙin ƙarfe ba ya jimawa sai tsatsa, ta gangaro daga bakin ƙusa ta ɓata rubutun. Banar leda ta taron kwana biyu ce. In ta daɗe a rana, ja ne ke fara kodewa. Abin da zai zauna shekaru muna buga shi a allon alminiyom mai kaurin milimita 3, a shimfiɗa masa ledar kariya daga rana, a ɗaure da noti marar tsatsa. Ƙafar allon ta shiga siminti, domin ƙasar Lekki yashi ce da ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hausar da ake bugawa. Ga dubban 'yan'uwanmu a Mile 12 da Idi-Araba da Obalende, masu kayan gwari da masu ruwa da 'yan gwangwan, waɗanda maganar shara da magudanan ruwa ta shafe su kai-tsaye. Amma sai a rubuta saƙon da Turanci, a ba wani ya fassara a tsaitsaye. Mu da Hausa muke fara rubutawa, mu karanta wa mutum biyar a kasuwa, mu tambaye su me aka ce su yi. In biyu suka ruɗe, a sake. Sannan haruffa masu lanƙwasa: kwamfutar maɗaba'a a Shomolu in ba ta da irin rubutun da ka zaɓa, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma akwati, ko "ƙasa" ta zama "kasa". Maganinsa a mayar da rubutun ya zama zane a manhajar CorelDraw kafin a tura, a kuma ga gwajin bugu da ido. Wanda ba ya karanta boko, saƙon murya na daƙiƙa 30 a WhatsApp ya fi masa takarda, musamman in ya bi ta hannun shugabannin kasuwa ko ta fadar Sarkin Hausawa.

Allon da ya fuskanci titi yana buƙatar izinin LASAA, hukumar kula da alluna ta Jihar Legas, talla kuma sai ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ta tantance, don haka a saka kuɗinsu da lokacinsu a lissafi tun farko. Hoton yaro ba ya fita sai da yardar iyaye a rubuce.

Ƙungiyoyin nan kashi-kashi kuɗin tallafi ke zuwar musu, farashin alminiyom da tawada kuwa yana bin dala. Saboda haka farashin da muka bayar na kwana 14 ne, muna kuma karɓar kashi 70 cikin 100 kafin mu sayi kaya.