Gargaɗin Balban a kasuwar Lakhnauti

Yau a ajin tarihi muka iso kan Sarki Balban, wanda ya mulki Delhi daga 1266 zuwa 1287, sai wani abu guda ya tsaya mini a rai. Bayan ya murƙushe tawayen Tughril, gwamnansa a lardin Bengal, ya sa aka kafa gumagumai dama da hagun kasuwar Lakhnauti, babban birnin lardin, aka rataye mutanen ɗan tawayen, sannan ya ja kunnen ɗansa Bughra Khan, wanda zai bar wa lardin, cewa ya duba da kyau ya kiyaye.

Uba ne fa yake tsorata ɗan cikinsa da gawarwaki. Balban na rasuwa, ɗan ya ɓalle da Bengal ya naɗa kansa sarki. Ina ganin tsoron uban ne kawai ya riƙe shi, ba biyayya ga gadon sarautar Delhi ba.