Hana tara waƙoƙi da finafinai a kwamfutocin ofis

Masu kula da kwamfutocin ofis sukan fara ne da toshe manhajar kunna waƙa, kuma nan ne aikin yake lalacewa. An toshe VLC yau, gobe ma'aikaci ya ja fayil ɗin mp4 ya saki a cikin Chrome ko Edge, fim ya ci gaba da tafiya. Wurare biyu ya kamata a tsare: inda ake ajiye fayil, da ƙofar da yake shigowa.

A Windows Server, wato Windows ɗin sabar ofis, akwai manhajar kula da ajiyar fayiloli mai suna File Server Resource Manager, wato FSRM, wanda ya zo tun fitowar 2003 R2. Sai an girka shi daga Server Manager, kuma a faifan da ke da tsarin ajiya na NTFS kaɗai yake aiki. A cikinsa akwai wata rariya mai suna File Screen, da shiryayyen tsari, Block Audio and Video Files, wanda za ka ɗora a kan babbar foldar ma'aikata, ƙananan foldoji su gaje shi. Kafin ka ɗora, buɗe jerin nau'o'in fayil ɗin ka duba. Za ka tarar da mp3, wma, avi da mov, amma jerin tsoho ne. Nemi mkv, webm, m4a, 3gp da opus, duk wanda babu ka ƙara shi da hannu. Opus ɗin nan shi ne saƙon murya na WhatsApp.

Rariyar iri biyu ce. Active tana hana ajiyewa nan take, Passive kuwa tana bari a ajiye amma ta rubuta wanda ya ajiye, ta kuma aika imel idan an saita mata. Fara da Passive na mako biyu. A nan ne za ka gano cewa sashen horo yana da bidiyon koyarwa, sakatariya kuma tana ajiye sautin taro. Waɗannan sai a ware musu folda ɗaya, a yi mata File Screen Exception, wato a cire ta daga hanin, a sa mata iyakar wuri, sannan a juya sauran zuwa Active. A sanar da ma'aikata tukuna, domin saƙon da ke fito musu cewa kawai yake ba su da izini, sai su ɗauka sabar ce ta lalace.

Rariyar suna kawai take dubawa, ba ta leƙa ciki. Wanda ya mayar da .mp3 zuwa .txt, ko ya dunƙule fim a zip, ya wuce salin-alin. Maganinsa rahoton Large Files duk mako: takardar rubutu mai megabait 700 ta tona wa kanta asiri. Haka kuma rariyar ba ta taɓa abin da ta tarar a ciki, don haka a fitar da tsofaffin da rahoton Files by File Group, a ba masu su wa'adin kwashewa.

FSRM ba ya ganin faifan kwamfutar ma'aikaci. Sai an karkatar da Desktop da Documents zuwa sabar ta hanyar Folder Redirection. A share waƙoƙin da ke ciki kafin karkatarwar, in ba haka ba rariya za ta ƙi karɓarsu, ƙaurar ta tsaya rabi da rabi.

Sai ƙofar da fayil yake shigowa. A Group Policy, inda ake kafa wa kwamfutocin ofis dokoki daga sabar, ƙarƙashin Administrative Templates, System, Removable Storage Access, ana hana karanta filashi. Abin da aka fi mantawa shi ne waya: ba a matsayin filashi take shiga ba, don haka sai an kunna hanin WPD Devices daban. Dokar kan isa kwamfuta cikin minti 90 zuwa 120, ko nan take da umarnin gpupdate /force.

AppLocker kuwa, wani tsarin Windows ne da manhaja yake tsarewa, ba ruwansa da mp3. Amfaninsa hana manhajojin da ake kunnawa ba tare da girkawa ba. Ƙirƙiri dokokinsa na asali tukuna, ka tabbatar Application Identity, sabis ɗin da AppLocker ya dogara da shi, yana aiki, ka gwada a Audit only, mai rubutawa ba tare da hanawa ba, a kan kwamfuta biyu ko uku, domin doka ɗaya da aka rubuta ba daidai ba tana iya hana Word ma buɗewa a ofis gaba ɗaya.