Yinin Talata a ɗakin shahuna

Shahaniya, Ƙatar, tsakiyar Yuli

A wannan wata, wanda bai gama aikin waje da sassafe ba ya shiga uku. Hukuma ma ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Don haka muna idar da sallar asuba ni da Baba muka nufi ɗakin shahuna. Baba, dattijon da nake aiki tare da shi, Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, kakanninsa na cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. A cikin wannan aiki ya yi furfura, kuma duk abin da na sani game da shaho a hannunsa na koya.

Ba ma faɗa wa ɗakin kai tsaye. Sai mun tsaya a bakin ƙofa mun saurara, mu ji ko iyakwandishan na tafiya daidai, mu ji ko akwai tsuntsun da numfashinsa ke fita da ƙara. Sannan Baba ya yi gyaran murya don su san mu ne, mu tura ƙofa a hankali. Da mun shiga, ƙasa muke fara dubawa kafin mu ɗaga ido. Kashin shaho mai lafiya fari ne da ɗan baƙi a tsakiya, idan ya koma kore shar to akwai magana. Muna kuma neman dunƙulen gashi da ƙashi da kowace ke amayarwa daga abincin jiya, don ba a ba su sabon abinci sai wannan ya fito. Yau duk sun fitar.

Na tsinci gashin fiffike biyu a ƙarƙashin tsuntsuwar da muke kira Fara, ɗaya na dama ɗaya na hagu, tsayinsu ɗaya. Raina ya yi fari ƙwarai. Haka Allah ya tsara musu, gashin yana zuba ne bibbiyu, ɗaya a kowane ɓangare, don kada tashi ya karkace. Kowane fiffike na da manyan gashi 10 a ƙarshensa, bindi na da 12, kuma kafin su sauya duka ana ɗaukar watanni, daga bazara har wajen Satumba ko Oktoba. Na goge su na rubuta sunanta a takarda na sa a akwatin da muke tarawa. Idan lokacin farauta ya zo gashi ya karye, da waɗannan ake dasa wani: a yanke karyayyen, a zura siririn tsinke a cikin ramin gashin, a haɗa da gam. Gashin da tsuntsuwa ta zubar da kanta ya fi kowane dacewa da ita.

Mutane suna ganin shaho a watan Janairu, a gasar Marmi da ake yi a Silain, yana tsaga iska kamar kibiya, ana ta tafi ana ɗaukar hoto. Ba wanda ke zuwa kallon waɗannan watanni na zafi, alhali a nan ne ake samun shahon ko a rasa shi. Gashin da ke tsirowa yanzu cike yake da jini. Idan tsuntsuwa ta firgita ta bugi bango, ya fashe. Idan ta yi kwana ɗaya da yunwa ko tashin hankali, sai wani siririn layi ya fito a gashin, kuma a daidai wannan layi zai karye ranar da ta kai wa hubara, wani jinsin tuje na hamada, bara. Shi ya sa ɗakin nan yake yadda yake. Tagoginsa sanduna ne a tsaye masu santsi, ba ragar waya, don raga tana cin gashi tana fasa musu saman baki. Ƙasa yashi ne mai tsabta. Ba ma shigo da ciyawa ko harawa ko ɓuntu, saboda fumfuna. Ƙurar fumfuna ce ke shiga huhunsu ta haifar da ciwon da Larabawa ke kira raddad, kuma Fara ta fi kowa haɗari, domin jinsinta na ƙasashen ƙanƙara ne, can wajen Girinlan da Aisilan. Tsuntsuwar da aka halitta don dusar ƙanƙara ce muke riƙe da ita a inda zafi ke wuce digiri 45. Kullum idan na kalli na'urar sanyin nan sai in tuna ranta a jikinta yake rataye, shi ya sa janareta ba ya rabuwa da mai, matatar na'urar kuma duk mako sai na wanke.

Wajen ba da abinci ne Baba ya tsaya cak. Yau salwa muka ba su, ƙananan tsuntsaye ne dangin makwarwa. Tattabara ma suna samu, amma sai ta kwana biyu a firiza an cire kai da wuya, don tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa musu farin ƙurji a baki da maƙogwaro. Tsohuwa, wadda ta fi daɗewa a gidan, ta danne namanta da ƙafar dama kawai, ta hagu tana ɗan ɗage ta.

Ya ce, "Yaro, kawo burƙa."

Na sa mata hular fatar, ta natsu, na ɗauke ta a mangala, wato safar hannun da shaho ke tsayawa a kai. Baba ya juya tafin ƙafar. Wani ɗan ja ne a tsakiya, bai kai ƙwayar gero biyu ba, fatar wurin ta yi sulɓi tana ƙyalli.

Na ce, "Baba, sumar ne?"

Ya ce, "Ɗansa ne. Kada mu bari ya girma."

Sumar, wato ciwon tafin ƙafa, shi ne abin da na fi tsoro a wannan aiki. Lokacin zubar gashi ana ciyar da su sosai, suna yin nauyi, ba sa tashi kamar da, duk nauyin yana kan wuri ɗaya na ƙafa dare da rana. Fatar ta gaji, ta tsage, ƙwayar cuta ta shiga. Idan ya kumbura ya yi ƙulli sai an yi tiyata, wani lokacin ma ya ci har ƙashi. Na ɗora ta a sikeli, ta haura giram 1,200, ta yi ƙiba fiye da yadda take a lokacin farauta. Na shafa ciyawar robar da ke kan wakir ɗinta, wato turken da take zama a kai, na ji ta kwanta ta yi laushi a daidai inda take tsayawa.

Na kira maigida na gaya masa, ya ce a kai ta asibiti yanzu. Muka ɗauki hanyar Dukhan zuwa Doha, tana zaune a kujerar baya da hularta, ko motsi ba ta yi. Asibitin shahuna na nan cikin Suƙ Waƙif, jikin kasuwar shahuna. A wannan lokaci ba cunkoso, sai kaka ta yi ake rasa wurin zama. Duk zuwan da na yi sai na jinjina wa mutanen nan: ga ɗakin hoto, ga ɗakin gwajin jini, ga aljihunan tebur cike da gashi iri-iri na dashe. A Abu Dabi ma suna da nasu tun 1999, kuma shahunansu har fasfo gare su. Likita ya sa mata abin shaƙa ta yi barci, ya duba ƙafar, ya rage mata akaifu don kada ta soki kanta, ya gyara bakin da ya ɗan yi tsawo. Ya ce mun zo da wuri, fatar ba ta fashe ba. Ya ba da man shafawa, ya ce a rage mata abinci kaɗan kaɗan ba farat ɗaya ba, a sauya shimfiɗar wakir, a kuma sa mata wuraren sauka masu bambancin faɗi don ƙafar ta riƙa sauya riƙo. Kafin mu fito na tsaya a wani shago na sayi sabuwar ciyawar roba mai dogon gashi.

Mun dawo bayan azahar, muka tarar da ɗan maigida da abokansa, sun zo su ga Fara su ɗauki hoto da ita a hannu. Yaro ne mai kirki, yana son tsuntsayen da gaske. Amma a daure Fara yanzu a fito da ita cikin baƙin fuskoki da hasken waya, gashinta na jini, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ni bakina ya yi nauyi. Baba ne ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya buɗe akwatin gashi ya ɗora masa guda biyun da na tsinta da safe a tafin hannu. Ya ce masa, "Ɗana, waɗanda za su maye gurbin waɗannan yanzu suke fitowa. Ka ba ta wata biyu, za ka ɗauke ta ka kai ta duk inda kake so." Yaron ya yi shiru, sannan ya tambaya ko za su iya leƙawa ta gilashin ƙofa. Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya. Wallahi na ji daɗin yadda ya karɓi maganar, ba kowane ɗan masu gida ke yin haka a gaban abokansa ba.

Da la'asar ƙanena ya kira daga gida, yana ta mamakin wai shahon da muke jifa da dutse saboda 'yan tsaki shi ne aka kai asibiti a mota mai sanyi. Na ce masa ya buɗe Suratul Ma'ida aya ta 4, zai ga an halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo idan an ambaci sunan Allah. Wannan sana'a tsohuwa ce, a 2010 UNESCO ta sa ta cikin al'adun gado na duniya. Na kuma ce masa tsuntsuwar da ka raba da sararin sama ka sa a ɗaki, duk abin da ya same ta a wuyanka yake, ko ka saye ta da tsada ko an ba ka kyauta.

Kafin magariba muka sauya shimfiɗar duk wakir ɗin ɗakin, ba na Tsohuwa kaɗai ba. Na zuba sabon ruwa a faffaɗan kwanon wanka, na shafa mata man a ƙafa, ta ɗan kai mini cafka ta saki. Maigida ya aiko cewa a kawo kafinta ya ƙara katakon sauka a jikin bango, amma Baba ya ce ba za a buga ƙusa ko ɗaya a ɗakin ba tsuntsaye na ciki, a haɗa komai a waje a shigo da shi a ɗaure da igiya. Gobe bayan asuba za mu kwashe yashin kusurwar da ke ƙarƙashin na'urar sanyi, don na taɓa shi ɗazu na ji danshi.