Ƙoƙon kan Chadi da gardamar da ta ƙi ƙarewa

A watan Yulin 2001 aka tsinci wani ƙoƙon kai a hamadar Djurab da ke arewacin Chadi. Aka raɗa masa suna Toumaï, aka ƙiyasta shekarunsa miliyan 7. Har gobe masana ba su daidaita a kan ko na wani kakan ɗan adam ne ko na biri ba.

Tafiyarsa ake ja a kai: da ƙafa biyu ko da huɗu? Abin da ake dubawa shi ne ramin da ke ƙarƙashin ƙoƙon, inda laka ke haɗuwa da ƙwaƙwalwa. A jikin mutum ramin na tsakiya, domin kai a bisa wuya yake zaune. Na biri kuwa ya ja baya. Na Toumaï ya matso gaba. Sai dai nauyin ƙasa ya murɗe ƙoƙon, sai da aka daidaita shi a kwamfuta kafin a auna, kuma masu musu suna cewa a wurin daidaitawar nan kuskure kan shiga. Ga kuma ƙashin cinya da aka samu a wurin: a 2020 wasu suka ce ba na mai tafiya a tsaye ba ne, a 2022 wasu suka ce na mai tafiya a tsaye ne. A ganina, ƙoƙo ɗaya da 'yan ƙasusuwa sun yi kaɗan a yanke hukunci.

Shekarun fa? Mutane kan ɗauka awon kabon ke faɗin komai. Ina! Rabin kabon-14, sinadarin da ake aunawa a ragowar abin da ya mutu, na ƙarewa duk shekara 5,730, don haka bayan kamar shekara 50,000 babu abin aunawa. Misali Lucy, ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar dangin ɗan adam da aka tono a Hadar ta Habasha a 1974, tokar aman wuta da ke ƙasan wurin aka auna, aka samu shekara miliyan 3.2. Ke nan shimfiɗar ƙasar da ƙashi ke ciki ita ce shaida.

Wannan ya shafe mu a Gombe. Duwatsun siminti na Ashaka suna ɗauke da daskararrun halittun teku na sama da shekara miliyan 90, masu haƙar yashi da rijiya ma kan ci karo da ƙashi. In ya faru, kada a zare shi, kada a wanke. A ɗauki hoto da biro a gefe don a gane girmansa, a auna zurfin ramin, a rubuta wurin, sannan a sanar da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.