Takardar haihuwa, Probatuwar, Bak, da abin da ke biyo bayansu

Shekara bakwai ɗalibi ke yi a sakandare a tsarin Faransanci na Kamaru, daga Sixième zuwa Terminale, kuma ƙofar jarrabawa uku ce a gabansa: BEPC a ƙarshen Troisième, Probatuwar a ƙarshen Première, sai Bakaloriya wadda kowa ke kira Bak. Biyun ƙarshe hukumar jarrabawa ta OBC ce ke shirya su daga Yawunde. Wanda bai ci Probatuwar ba ba zai zauna Bak ba, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu. Masu sashen Ingilishi GCE suke rubutawa, hukumarsu tana Buea. Maganar nan ta masu Faransanci ce, don su suka fi yawa a Ngaundare da Garwa da Marwa da Kusiri.

Abin da ya fi tsayar da 'ya'yanmu tun kafin su ga takardar tambaya shi ne takardar haihuwa, akt ɗin nan. Sunayenmu ba su da rubutu ɗaya a Faransanci. Muhammadu ɗaya ne a gida, amma a takarda sai ka ga Mohamadou a meri (ofishin magajin gari), Mouhamadou a CEP (takardar gama firamare), Mahamadou a BEPC. A'ishatu kuwa, yau Aïssatou, gobe Aïchatou. Wani lokaci sunan uba ne ya koma gaba a wannan takarda, ya koma baya a waccan. A idon hukuma waɗannan mutane ne daban-daban, kuma rantsuwa ba ta gyara shi.

Saboda haka a dogon hutun da ke bayan Seconde (ajin da ke kafin Première), uba ko wa ya zauna da yaro su shimfiɗa takardun a tabarma: akt, CEP, BEPC, da takardun sakamakon zango. A bi su harafi bayan harafi, a duba jerin sunaye, ranar haihuwa, da garin haihuwa. Akt ita ce alƙali. In kuskuren a difloma yake, ana rubuta takardar neman gyara ga hukumar da ta bayar da ita, ta hannun shugaban makaranta, a haɗa da kwafin akt. In a akt ɗin yake, yawanci sai kotu. Wanda ba a yi masa akt ba sam har lokacin doka ya wuce, hanyarsa jugement supplétif, wato hukuncin kotu da ke ba da damar yin akt a makare: likita ya ba da takardar ƙiyasin shekaru, meri ta shaida cewa babu sunansa a rajistarta, a kawo shaidu gaban alƙali, sannan a koma meri da hukuncin a rubuta akt. Wannan aikin watanni ne. Wanda ya fara shi a Nuwamba, lokacin da ake karɓar dosiye, wato takardun rajistar jarrabawa, ya riga ya sa shekararsa a caca. In an ji sanarwar cewa alƙalai za su fito zaman kotu a ƙauyuka don wannan matsala, a garzaya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai masu ba iyaye shawarar a yanka wa yaro sabuwar akt don rage shekaru. Ku guje ta. Laifi ne a doka, kuma yanzu da katin ɗan ƙasa ya koma kwamfuta da zanen yatsu, mai akt biyu yakan maƙale daidai ranar da ya fi buƙatar katin.

Rajistar jarrabawa a zangon farko ake yin ta. A lise (babbar sakandare) na gwamnati kuɗin makaranta na ajujuwan Seconde zuwa Terminale sefa 10,000 ne, na fasaha 15,000. Kuɗin ƙungiyar iyaye daban, na jarrabawa daban. Ana biya ta waya ko ta ofisoshin aika kuɗi da aka amince da su, kuma rasit ɗin shi ne shaidarka, a yi masa kwafi a ajiye. Bayan nan makaranta na liƙa jerin sunayen 'yan takara na wucin gadi. Ɗalibai da yawa sukan hango sunansu daga nesa su wuce. Ka tsaya ka karanta: suna, ranar haihuwa, sashe, da yare na biyu, Larabci ne ko Jamusanci ko Sifaniyanci. Abin da ya wuce a wannan jerin shi zai fito a difloma.

Sai lissafin maki, wanda nake ganin ya kamata kowane ɗan Première ya iya shi kamar fatiha. Ana cin jarrabawa da matsakaicin maki 10 cikin 20, amma darussan ba nauyinsu ɗaya ba. Kowane darasi yana da kowef, wato adadin da ake ninka makinsa da shi. A ɗauki misali: darasi mai kowef 4, ka samu 7. Kana da 28 a inda ake son 40, bashin maki 12 ke nan a wuyanka. Darasi mai kowef 1 da ka samu 16 a cikinsa, rarar 6 kacal ya ba ka. Sai ka yi irin wannan bajintar sau biyu kafin ka biya bashin darasi guda. Don haka a nemi jerin kowef na sashenka a wurin sansar, mai kula da harkar karatu a makaranta, tun watan Satumba, a rubuta makin kowane gwaji a gefensa, a lissafa kamar jarrabawar gaske ce. Ɗan sashen kimiyya na C da ke gudun lissafi, ko ɗan sashen adabi na A4 da ke gudun falsafa da adabi, yana tara wa kansa bashin da ƙananan darussa ba za su iya biya ba.

A da mutane sun saba da cewa kwamitin tantancewa yakan sauko ƙasa da 10 ya tsamo wasu. A 2024 aka tsaya a kan 10, sai waɗanda suka ci Bak ta gama-gari suka faɗo ƙasa da kashi 40 cikin 100, alhali a 2023 sun kai kusan kashi 75. Mai 9 da ɗoriya kada ya kwanta da fatan za a tausaya masa. Daga 12 ake samun Assez bien, 14 Bien, 16 Très bien, kuma wannan darajar tana magana a wurin neman tallafin karatu a waje.

Bitar ƙarshe tana faɗowa ne a Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. Karatun rana tsaka a irin wannan yanayi wahalar banza ce. Bayan sallar asuba zuwa fitowar rana ya fi albarka, da ƙaramar fitila mai cajin rana don dare. Tsofaffin tambayoyin shekara biyar da suka wuce a amsa su da agogo a gaba, awa huɗu in awa huɗu ce, ba tare da leƙa amsa ba. Yawancin masu faɗuwa a falsafa sun san darasin, tsara amsa cikin lokaci ne ba su taɓa gwadawa ba. Jarrabawar motsa jiki tana zuwa kafin ta rubutu, kada a raina ta. Mai larura ya kawo takardar likita da wuri. 'Yan mata da aure ko haihuwa ya katse wa karatu suna iya shiga makarantar yamma su yi rajista a matsayin 'yan takara masu zaman kansu.

"Ruwa" kuwa, wato tambayoyin da ake cewa sun fita ana yawo da su a WhatsApp, yawanci ƙarya ne ake sayarwa. Wanda ya zama gaskiya ma bala'i ne ga kowa: a 2020 sai da aka sake rubuta wasu darussan Bak na sassan kimiyya saboda fitar tambayoyi. Waya a aljihu cikin ɗakin jarrabawa ta isa a soke sakamakonka a kuma hana ka zama na wasu shekaru.

Sakamako na fitowa wajen Yuli, konkur kuma, wato jarrabawar gasar shiga manyan makarantu, ba sa jiran kowa. Dosiyensu kusan iri ɗaya ne: kwafin akt da na takardar maki masu hatimin hukuma da tambur na sefa 1,500, takardar shaidar zama ɗan ƙasa daga kotu, hotuna, da casier judiciaire, takardar shaidar rashin laifi, wanda wata uku kawai yake aiki, don haka shi ake nema a ƙarshe. Sashen da ka bi tun Seconde shi ke buɗe ko rufe ƙofa. Likitanci a Garwa na masu sassan kimiyya na C da D ne. Ngaundare tana da IUT (cibiyar fasaha ta jami'a) da makarantar likitan dabbobi, Maiganga tana da ta ma'adinai, Marwa tana da Politeknik da ENS (makarantar horar da malaman sakandare), akwai kuma ENIEG ga mai son koyarwa a firamare. Kuɗin rajista a tsangayoyin jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, amma ɗaki da abinci a Dang (inda jami'ar Ngaundare take) ko Marwa sun fi shi nauyi, a lissafa su tun kafin a tafi. A kuma sani cewa fita daga ENS ba ya nufin albashin gwamnati kai tsaye kamar da. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya saya maka gurbi a konkur, ko dai ɗan damfara ne, ko zai jefa ka cikin laifi.

Gaskiyar da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba ita ce Bak kaɗai ba ta koya wa hannu komai. Hutun wata uku na bayan Seconde da na bayan Première, in aka haɗa su, wata shida ne a gaban maigida ɗaya: haɗa wutar sola, gyaran babur, gyaran firji, ɗinki, walda, ko riƙe littafin shago. A zauna wuri ɗaya, a roƙi maigidan ya rubuta takardar shaida mai kwanan wata da sa hannu. Ita ce ƙwarewar farko da za ta shiga CV. A ƙara da Word da Excel na gaske, da lasin tuƙi in hali ya yi. Harsuna ma a rubuta su: mai jin Hausa da Fillanci da Larabcin Shuwa ga Faransanci yana da abin da ƙungiyoyin agaji a Marwa da Kusiri da masu harkar auduga a Garwa ke nema. Rajista a FNE, asusun samar da aikin yi na ƙasa, kyauta ce.

In aiki ya samu, a nemi yarjejeniya a rubuce, a tambayi lambar CNPS, asusun inshora da fanshon ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2023 sefa 60,000 ne a kamfanoni masu zaman kansu, 45,000 a aikin gona. Kada a bar wa mai ɗaukar aiki asalin difloma jingina; kwafi mai hatimi ya ishe shi. Asalin a sa shi cikin jakar leda mai zif, a akwatin ƙarfe da gara da ɗigon damina ba sa kaiwa, kada a liƙe shi da roba mai zafi don wasu ofisoshi ba sa tabbatar da takardar da aka liƙe. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a tura wa kai ta imel, a tura wa wani babba a gida.