Tutiya, waya da rediyon jirgin ruwa: yadda muke aikinmu

Ogan da ya koya min aikin nan na gyaran jirgin ruwa, Allah ya jiƙansa, ranar farko ko sufana bai ba ni ba, wani dunƙulen tutiya ya miƙo min duk ya zagwanye kamar ɓera ya gaigaye shi, wai in faɗa masa me ya same shi. Na ce ai ya lalace. Ya kwashe da dariya ya ce aikinsa ya yi. Ashe ƙarfe iri biyu in suka haɗu cikin ruwan gishiri sai su koma kamar batir, mai raunin shi ke narkewa, shi ya sa ake ɗaura tutiyar kusa da farfela don ita ruwan ya ci ya ƙyale mai tsadar. In rabinta ya tafi sai a canja, kuma ba a mata fenti, amma har gobe ana kawo mana jirgi an shafe ta tas da fenti wai don kyau! A ruwan da ba gishiri kuwa wani ƙarfe mai suna magniziyam muke sawa a madadin tutiya.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kwaikwayo. Mu noti da sukurun da muke ɗaurawa sitenles 316 ne, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wayar kuma mai rufin kuza, kowane haɗi sai mun rufe shi da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi sannan mu shafa giris. Su ko sai su jona wayar mota su naɗe da tef su karɓi kuɗi, kwastoma ya zo yana ja-in-ja da ni wai wancan ya fi sauƙi, bayan 'yan watanni ya dawo waya ta yi kore shar, fitila ba ta kamawa.

Rediyo ma haka, kowa ƙarfi yake tambaya. Wanda ake girkewa a jirgi wat 25 ne, na hannu 5 ko 6, amma VHF, wato irin rediyon da jiragen ruwa ke magana da shi, kusan iyakar hangen eriya yake tafiya, don haka tsayin eriya da lafiyar kebul sun fi min komai. Ni dai ba na ɗaura wanda ba shi da jan maɓallin DSC na neman agajin gaggawa, a haɗa shi da GPS, a sa masa lambar shaidar jirgi ta MMSI mai lamba 9, in aka shiga uku ka danna shi ka riƙe, ya aika inda kake ta tasha 70. Tasha 16 ta neman agaji da kira ce, ba ta hira ba. Na hannu kuwa a duba IPX7, wato ya jure mita 1 cikin ruwa na minti 30, in son samu ne mai yawo a saman ruwa, don nawa na farko ina ji ina gani ya nutse.

Kwanaki wani ya kawo rediyonsa wai ya mutu, sabo yake so. Na kwance bakin kebul ɗin eriya, gishiri ya daskare a ciki fari fat. Bakin kawai na canja masa.